Karkatar Fuska Da Kullewar Baki: Yadda Ake Tiyatar Gyaran Muƙamuƙi Da Inda Ake Yin Ta A Najeriya

Daga Jikwoyi, Abuja

Da wuya mutum ya zaga unguwannin Hausawa a Kudu, ko Agege ne, ko Sabon Ibadan, ko Aduwawa ta Binin, ko kasuwar shanu ta Lokpanta, bai ci karo da wani bawan Allah da ke rufe rabin fuskarsa ba. Wani da rawani yake rufewa, wata da gefen hijabi, wani kuma tun zamanin korona da ya samu takunkumi bai sake ajiye shi ba. In ka tambaya sai a ce ai haka aka haife shi, ko iska ce ta buge shi yana yaro, ko hatsarin mota ne. Daga nan sai a rufe zancen da "Allah Ya sawwaƙe". Nan Jikwoyi da Karu da Kurudu ma haka abin yake.

To jama'a, mafi yawan waɗannan larurori suna da sanadin da likitoci suka sani, kuma ana gyara su da tiyata a nan cikin Najeriya, wasu ma kyauta. Abin da ke raba wanda aikinsa zai zo da sauƙi da wanda zai sha wuya shi ne lokacin da aka kai shi asibiti. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu fahimci abin tun daga tushe.

Yadda muƙamuƙi yake

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta suna fasa kan sa ya ga yadda abin yake, don tsarin bai da nisa da na mutum. Muƙamuƙin sama manne yake da ƙoƙon kai, ba ya motsi. Shi ke ɗauke da haƙoran sama da ganɗa, shi ne kuma ya tallafe hanci da ƙasan idanu. Na ƙasa kuwa ƙashi ɗaya ne mai lanƙwasa, kuma shi ne ke motsi in za a yi magana ko tauna. Yana haɗuwa da ƙoƙon kai a wurare biyu, gaban kunnen dama da gaban kunnen hagu. Ɗora yatsanka a gaban kunnenka ka buɗe baki, za ka ji wani ɗan ƙashi yana motsi. To wannan ita ce gaɓar.

A jikin yaro, kan wannan gaɓar yana cikin wuraren da ƙashin ke girma daga gare su. In ɗaya ta lalace, sai ɓangaren nan ya tsaya, ɗayan ya ci gaba da girma, sai haɓa ta karkace zuwa wajen da ya tsaya. Ka ga kenan rauni ɗan ƙarami yana shekara huɗu zai iya zama karkatacciyar fuska yana shekara goma sha biyar.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. Lafiyayyen mutum yakan iya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. In yaro ya kasa sa ko biyu na hannunsa, kuma abin kullum ƙara matsewa yake, kada a tsaya jira.

Sai dai a lura da abu biyu da ba na ƙashi ba ne. In baki ya karkace farat ɗaya cikin yini guda, musamman in hannu ko ƙafa sun yi nauyi ko magana ta sarƙe, wannan matsalar jijiya ce ko shanyewar ɓarin jiki, asibiti za a nufa a ranar. Haka nan in haƙora suka sarƙe 'yan kwanaki bayan ƙusa ko ƙarfe ya soki mutum, ana tsoron cutar sarƙe-haƙora, ita ma ta gaggawa ce.

Noma, wadda ake kira ciwon iska

Ita ce mafi muni, kuma yaranmu na Arewa maso Yamma ta fi kamawa. A ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Kebbi wasu na ce mata ciwon iska, wasu ciwon daji. Likitoci na kiranta noma. Sunan bai da alaƙa da noman gona, daga yaren Girka ya fito, yana nufin cinyewa, kamar yadda dabba ke cinye ciyawa.

Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, musamman bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da kumburin dasashi take farawa, yana jini, baki yana wari sosai, yaro yana dalalar da yawu yana ƙin abinci. Sai kunci ya kumbura. Sai wani baƙin tabo ya fito a kan fatar, naman wajen ya mutu ya zube, a bar rami. Duk wannan kan iya faruwa cikin mako biyu. Ba a ɗaukarta daga wani zuwa wani, don haka babu dalilin gudun yaron ko ɓoye shi a ɗaki.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara kusan 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma in ba a yi magani ba kusan tara cikin goma ke mutuwa. Abin takaicin shi ne, a matakin dasashi maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Wanda ya tsira bayan ta ci nama kuwa, tabon kan ƙanƙance ya ɗaure muƙamuƙin sama da na ƙasa, wani lokacin har ƙashi ya tsiro ya haɗe su. Sai ka ga yaro ya shekara goma yana tura abinci ta giɓin haƙori ko ta ramin kunci.

Najeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka kai kukan wannan cuta, har a ranar 15 ga Disamba, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi watsi da su. A nan gida kuma an ware 20 ga Nuwamba a matsayin ranar noma ta ƙasa.

Faɗuwa a kan haɓa

Wannan ita ce ke shammatar iyaye. Yaro ya faɗo daga bishiya ko katanga ko bayan babur, ya bugi haɓa. A ɗinke ɗan tsagin da ya fito, a ce an gama. Alhali ƙarfin bugun ya bi ta cikin ƙashi ya je ya fasa kan gaɓar da ke gaban kunne. Jini ya taru a ciki, a hankali ya rikiɗe ya zama ƙashi, gaɓar ta manne da ƙoƙon kai. Ciwon kunne mai ruwa da aka bari ya daɗe shi ma yana iya ratsawa ya lalata gaɓar. Likitoci na kiran wannan mannewar ankilosis.

Ba rana ɗaya bakin ke kullewa ba, wata da watanni yake yi yana raguwa. Yaro ya daina cin tsire, ya koma tuwo mai laushi, daga nan sai kunu. Haɓa ta ƙi girma, ta shige ciki. Wasu har munshari mai ƙarfi suke yi numfashi na ɗaukewa cikin barci, saboda harshe bai da wurin zama. Don haka duk yaron da ya bugi haɓa yana kukan ciwo a gaban kunne, a nemi a ɗauki hoton gaɓar.

Ƙarin da ba ya ciwo

Akwai wani ƙari da ke tsirowa a cikin ƙashin muƙamuƙi, mafi yawa na ƙasa wajen turame, sunansa amilobilastoma. Likitocin haƙori a Najeriya suna yawan ganinsa, kuma ya fi kama matasa da masu matsakaicin shekaru. Yawanci ba ya yaɗuwa zuwa sauran jiki kamar kansa, amma yana cin ƙashin da yake ciki. Matsalarsa ɗaya, ba ya ciwo da farko. Sai mutum ya ce ai tunda ba ya hana ni fita kasuwa bari in lallaɓa. Ana shafa magani, ana hayaƙi, wani har a kai shi wajen wanzami a yi masa tsaga ko ƙaho. Shekara biyar, shekara bakwai, haƙora sun fara girgiɗi suna zubewa, kumburin ya kai girman goruba, ya wuce.

Da an zo yana ƙarami, ɗan yanki za a yanke. In ya girma kuwa, rabin muƙamuƙi ko fiye za a cire. Kuma ba a gane irinsa da ido, sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin yana da muhimmanci, don akwai wani kumburin muƙamuƙi na yara mai saurin girma cikin makonni, wanda ake kira da sunan likitan da ya fara bayaninsa a Yuganda a 1958, Denis Burkitt. Shi wannan kansa ne, kuma da allurai ake maganinsa, yana kuma jin magani sosai in an zo da wuri.

Karaya

Wannan ta fi shafar mu 'yan kasuwa da 'yan ci-rani. Ɗan acaɓa ba hular kwano, a titin Nyanya zuwa Karshi ne ko a lungunan Legas. Yaran da ke hawa saman tirelar shanu daga Potiskum ko Maigatari zuwa Kudu. Mai kama sa a kara da ya sha ƙaho ko harbi a fuska. Alamun karayar muƙamuƙi su ne: haƙora sun daina haɗuwa yadda suka saba, leɓen ƙasa ya mutu ba ya ji, jini a baki, ga zafi in an motsa.

In hatsari ya faru, kada a kwantar da mutum rigingine, don jini da karyayyun haƙora na iya toshe masa numfashi. A juya shi ta gefe a hankali, ana tallafe da wuyansa. Kuma don Allah wannan karayar ba ta maɗori ba ce. Ba raini ba ne, amma muƙamuƙi sai an daidaita shi da haƙora ɗaya bayan ɗaya, kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero biyu ba ya isa ya hana mutum tauna. A mako na farko ko na biyu gyaran yana da sauƙi. In aka bari ya haura wata guda, ƙashin zai kama a karkace, sai an sake yanka shi kafin a daidaita.

Wanda aka haifa da shi

Akwai jariran da ake haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa. Akwai waɗanda rabin fuskarsu bai girma daidai da ɗayan ba, sau da yawa har kunnen wajen yakan zo ƙarami. Akwai kuma wanda lafiya lau ya taso, sai da ya balaga muƙamuƙin ƙasa ya zarce gaba, ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Tsagaggen leɓe ana ɗinke shi tun jariri na da wata uku zuwa shida, ganɗa kuma wajen shekara ɗaya, kafin ya fara magana sosai. Gyaran ƙashin da ya zarce ko ya gaza kuwa akan jira sai girma ya tsaya, wajen shekara 17 ko 18 zuwa sama.

Yadda ake aikin

Aikin nan ba sabo ba ne. Tun a 1849 wani likita a Amurka, Simon Hullihen, ya yanka muƙamuƙin wata budurwa da tabon ƙuna ya janye mata shi, ya mayar da shi wurinsa. A shekarun 1950 kuma Hugo Obwegeser, wanda ya yi aiki a Zurich, ya fito da hanyar tsaga ƙashin ta cikin baki, wadda har yau ake amfani da ita.

Kafin a taɓa mutum sai an ɗauki hoto, sau da yawa har da sikanin da ke nuna ƙashi ta kowane gefe. Za a auni haƙora a yi musu gunki, a gwada jini, a duba ko jiki zai ɗauki aikin. Yaron da ke fama da tamowa sai an ciyar da shi ya murmure tukuna. Mai noma kuma sai ciwon ya warke sarai, tabon ya zauna, abin da kan ɗauki watanni masu yawa.

In matsalar ƙashi ne da ya zarce ko ya karkace, akan fara da sa wa haƙora waya don a jera su, wannan kaɗai kan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ranar aiki za a yi wa mutum allurar barci, likita ya shiga ta cikin baki, ya yanka ƙashin a inda aka tsara, ya matsar da shi gaba ko baya ko gefe, ya ɗaure da ƙananan faranti da kusoshin taitaniyom. Ƙarfen ba ya tsatsa, yawanci a jiki ake barinsa. Tunda ta ciki aka bi, ba a cika ganin tabo a waje ba.

In gaɓa ce ta manne, za a bi ta gaban kunne a yanke ƙashin da ya haɗe, a sa ɗan nama a tsakani don kada ya sake kamawa. Ga yaro mai girma wani lokaci akan ɗauko ɗan yankin haƙarƙarinsa a dasa a wajen. Akwai kuma dabarar jan ƙashi: a yanka shi, a sa wani ɗan ƙarfe da ake murzawa kullum yana buɗewa da kusan milimita ɗaya, sabon ƙashi yana cike giɓin, har a samu tsawon da ake so.

In ƙari ne aka cire, za a cike wajen da farantin ƙarfe da ƙashin mutumin da kansa, daga ƙugu, ko haƙarƙari, ko siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri. Kada wannan ya tsorata kowa, mutum yana tafiya da ƙafarsa bayan an ɗauki wannan ƙashin. Mai noma kuma ana fara buɗe masa baki, sannan a ɗauko fata da nama daga goshi ko wuya ko ƙirji ko hannu a rufe ramin, a gina leɓe ko hanci. Ba a gama irin wannan a shiga ɗaya. Wani sau biyu, wani sau biyar, wani fiye.

Gaskiyar da ya kamata a sani

Babban aiki ne, ba cire haƙori ba ne. Ana iya zubar da jini har a buƙaci ƙari, don haka a tanadi 'yan uwa masu bayarwa tun kafin ranar. Akwai jijiya da ta ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa, in ta taɓu leɓe da haɓa kan yi makonni ko watanni ba sa ji, wani ma ba ya dawowa duka. Ciwon na iya ɗaukar ruwa. Sa wa mai kullallen baki bututun numfashi shi kansa gwaninta ne, ta hanci ake bi da na'ura, wani lokaci sai an huda maƙogwaro na ɗan lokaci. Shi ya sa ba a yin wannan aikin a ƙaramin asibitin lungu, komai daɗin bakin mai shi.

Kuma kada a yi wa mara lafiya alkawarin da ba zai cika ba. Wanda noma ta cinye wa rabin fuska ba zai dawo kamar ba a taɓa yi ba. Amma zai ci abinci, zai yi magana a ji, yawu zai daina zuba, zai shiga mutane. Mulikat Okanlawon, wadda noma ta kama tana yarinya, an yi mata aiki sau da dama a Sakkwato, daga baya ta zama ma'aikaciya a asibitin. Ita da Fidel Strub, ɗan asalin Burkina Faso, suka kafa Elysium, ƙungiyar waɗanda suka tsira daga cutar, kuma a 2024 mujallar Time ta sa su cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya a duniya.

Bayan an fito

Rabin nasarar a gida take. Fuska za ta kumbura sosai a kwanakin farko, kada a tsorata, tana saɓewa. Wasu akan ɗaure musu haƙoran sama da na ƙasa da waya ko roba na mako huɗu zuwa shida. A wannan lokacin sai abu mai ruwa: kunun gyaɗa, koko, fura da nono da aka dama ta yi laushi aka tace, madara, romon nama, miyar da aka niƙa, alalen da aka dama da romo. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa don kada ya rame. Goro, kilishi, tsire, rake da ƙanzo sai likita ya ba da izini. Sigari kuwa yana hana ƙashi kamawa. A riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane abinci. In an ɗaure da waya, a tambayi likita tun kafin sallama abin da za a yi in amai ya zo.

Wanda aka buɗe wa kullallen baki yana da wani aikin na daban. Za a ba shi 'yan katakai irin na danna harshe, ya riƙa jera su tsakanin haƙora kullum yana ƙara yawansu, wata da watanni. Akwai zafi, yaro zai yi kuka, uwa za ta ji tausayi ta ce a bar shi ya huta. To a nan ake asarar aikin, don in aka daina gaɓar na iya sake mannewa. Haka mai ƙari, ko ya ji garau ya riƙa komawa ana dubawa shekara da shekaru, don yana iya dawowa.

Shin canja halitta ne?

Da yawa wannan tambayar ce ke tsayar da su. Malamai sun bambanta tsakanin gyara aibi ko rauni da kuma sauya lafiyayyar halitta don ƙawa. Suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun kafin Musulunci, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar da ake yi don dawo da gaɓa yadda take ko don ta yi aikinta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi, amma ya yi masa bayanin larurar yadda take.

Ina za a je?

Ga mai noma, sabuwa ce ko tsohon tabo, akwai Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, ƙwararru na zuwa lokaci-lokaci a shekara, an yi ayyuka sama da dubu, kuma kyauta ne. Ba yara kaɗai ake karɓa ba, manyan da suka girma da tabon su ma ana yi musu. A ƙarshen 2023 kuma an buɗe cibiyar noma a harabar Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja, da tallafin ƙungiyar Hilfsaktion Noma ta Jamus, ita ma kyauta. Ga wanda ke Kudu, Abuja ta fi kusa. 'Yan uwanmu na Nijar kuma ƙungiyar Sentinelles tana da cibiya a Damagaram.

Ga tsagaggen leɓe da ganɗa, ƙungiyar Smile Train na biyan kuɗin aikin a asibitoci da dama a faɗin ƙasar nan, Arewa da Kudu. A tambaya a asibitin da aka haihu.

Sauran larurorin, wato karaya, ƙari da mannewar gaɓa, asibitin koyarwa za a nufa, a nemi ɓangaren haƙori, a ce ana son ganin likitan tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska, wanda ma'aikata ke kira maksilofeshiyal. Akwai su a LUTH da ke Idi-Araba, wato a tsakiyar unguwar Hausawa ma yake. Akwai UCH a Ibadan, ba nisa da Sabo. Akwai asibitin koyarwa na Ile-Ife, da UBTH a Binin, da UNTH a Inugu, da UPTH a Fatakwal. A Abuja akwai Babban Asibitin Ƙasa da na koyarwa da ke Gwagwalada. A gida kuma akwai na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Waɗannan ba kyauta ba ne, kuma hoto da farantin ƙarfe suna cin kuɗi. A nemi a rubuta lissafin komai a takarda, a biya a wurin biyan kuɗi na asibiti a karɓi rasit, kada a damƙa wa wani ɗan tsakani a bakin ƙofa. Asibitocin koyarwa suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, a je a yi bayanin halin da ake ciki. Wanda Turanci ke ba shi wuya ya tafi da mai fassara, kada ya sa hannu a takardar da bai gane ba. A adana kati da hotuna da sakamakon gwaji a leda ɗaya, don in an koma wani asibitin ba sai an sake biya ba. Kuma tunda sai an yi ta komawa, gara a zaɓi asibitin da ke kusa da inda mara lafiya zai zauna.

Nauyin da ke kanmu

Mu da ke zaune a birane mu ne idon na ƙauye. Mu ake kira a waya in yaro ba lafiya, mu ke aika kuɗin magani. To in aka ce maka bakin yaro na wari kuncinsa ya kumbura, kada ka tsaya a aika kuɗi. Ka ce a kai shi asibiti yau, a kuma turo maka hoto ta WhatsApp ka gani da idonka. Ka tambaya ko an yi masa rigakafin ƙyanda.

Mu da muka taso a gidan fataucin shanu mun san ba a sayen sa sai an buɗe bakinsa an duba haƙora. Yaran gidanmu sun fi cancanta da wannan dubawar. In ka je gida da Sallah, ka kira su ɗaya bayan ɗaya su buɗe baki, ka duba dasashi, ka gwada yatsu uku. Minti ɗaya ne.

Sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin kara su ma suna da rawar takawa. Yadda ake haɗa kuɗi a kai gawa gida, haka za a iya haɗawa a kai mai rai Sakkwato ko Abuja, tunda aikin noma kyauta ne, kuɗin mota da ɗan guzuri ne kawai ke tsayar da mutane. In akwai mai irin wannan larura a unguwarku, ko almajiri ne ko mai bara a bakin masallaci, a ja shi gefe cikin mutunci a gaya masa akwai inda ake gyarawa. A kuma hana yara tsokanarsa da sa masa suna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana zuri'a, Ya sa mu ga alamun da wuri. Amin.